Dokta Tamimu Ɗalhatu da Ajiyar Ƙetare

Haihuwa da Asali

An haifi Tamimu Ɗalhatu a shekarar 1963 miladiyya, a Gungun Maɗaci, wani ƙaramin tsibiri da ke tsakiyar kogin Kwara, arewa da garin Yelwa ta ƙasar Yawuri. Mahaifinsa, Malam Ɗalhatu, masunci ne kuma na'ibin limamin tsibirin. Mahaifiyarsa kuwa, Delu, 'yar asalin Gungun Farin Yashi ce, tsibirin da ke yamma da nasu. Allah ya yi wa Delu rasuwa Tamimu yana ɗan shekara huɗu, don haka riƙonsa ya koma hannun ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Dije, mace mai kaifin harshe da taushin zuciya, wadda duk tsibirin ya shaida ba a cin tuwon da ya kai nata, ba a kuma shan faɗan da ya kai nata.

Abincin mutanen wannan tsibiri tun kaka da kakanni wata jar shinkafa ce da suke kira bi-ruwa. Ana yafa ta a fadama da farkon damina, idan kogi ya fara cika sai ta riƙa tsawo tare da shi har karanta ya fi tsayin mutum biyu, a ƙarshe a girbe ta daga cikin kwalekwale. Da yake mazaunin tsibiri bai da tabbas a kan rumbunsa, sai magabata suka kafa wata al'ada da suke kira ajiyar ƙetare: bayan girbi, kowane gida ya cika ƙoƙo da iri ya danƙa wa wani ɗan'uwa da ke zaune a wancan hayin ruwa. Sharaɗin ajiyar biyu ne. Na farko, wanda aka ba shi ne zai shuka da hannunsa, ba ya wakilta kowa. Na biyu, idan masu iri suka nema, sabo zai mayar, wanda ya fito daga gonarsa. Wanda duk ya mayar da ainihin ƙwayar da aka ba shi, to ya shelanta ke nan cewa bai ɗauki masu ita a bakin komai ba, kuma daga ranar zumunci ya yanke tsakanin gidajen biyu. Tamimu ya tashi yana jin labarin wani mutum da ya aikata haka tun zamanin kakanni, wanda har yau ba a ba zuri'arsa aure a Gungun Maɗaci.

Neman Ilimi

Ya fara karatun allo a gaban mahaifinsa, sa'annan a shekarar 1970 aka sa shi makarantar firamare a Yelwa bisa nacin Gwaggo Dije, wadda ita da kanta ta tuƙa kwalekwalen da ya ƙetarar da shi, ta damƙa shi ga wata ƙawarta mai sayar da busasshen kifi. Ya sauke Alƙur'ani mai girma a 1976, ya yi sakandare a Birnin Kebbi daga 1977 zuwa 1982, daga nan ya wuce jami'a a Zariya inda ya sami digiri na farko a fannin aikin gona a 1987. Digiri na biyu ya zo a 1995, na uku kuma a 2003, dukansu a kan noman shinkafa a wuraren da ruwa ke mamayewa.

Malamansa da abokan karatunsa sun haɗu a kan siffa ɗaya game da shi: mutum ne mai cika alkawari har abin ya wuce misali. In ya ce zai yi abu, sai ya yi shi yadda ya faɗa, ko da lokacin amfanin abin ya shige. A lokacin ana ba da wannan labari ne ana dariya.

Aiki da Aure

A shekarar 1988 ya kama aikin malamin gona a ma'aikatar gona ta jiha, aka kuma tura shi yankin da ya fito, inda ya shafe shekaru yana yawo tsakanin tsibirai da babur a cikin jirgin ruwa. A 1991 ya auri Ruƙayya, 'yar Alhaji Ghali mai injin casa a Yelwa, malamar makaranta, mai haƙuri amma ba mai ɓoye magana ba. Mahaifinsa ya rasu a 1997, saboda haka Gwaggo Dije ta zame masa uwa da uba, kuma duk hutun da ya samu a gidanta yake yin sa da iyalinsa.

Binciken Haɗin Gwiwa

A shekarar 2004 ya shiga wani bincike na haɗin gwiwa tare da Dokta Harouna Oumarou, masanin ƙasar noma daga Gaya ta Jamhuriyar Nijar, domin nazarin yadda al'ummomin tsibiran kogin Kwara za su ci da kansu ba tare da sun gajiyar da ƙasarsu ba. Tsarin aikin shi ne manoma da masunta su zama abokan bincike: su ne ke zaɓen abin da za a gwada, su ne kuma ke yanke hukunci bayan girbi. Ta wannan hanya aka samu nasarori da ba a mantawa, kamar kiwon kifi a cikin gonar shinkafa, da mayar da kainuwar da ke toshe mashigi ta zama taki.

A cikin abubuwan da aka gwada har da wata farar shinkafa mai saurin nuna, wadda ake noma ta da rani da injin ban ruwa. Nufin masu binciken shi ne ta zama ƙari a kan bi-ruwa, amma mai iyali da ya ga abin da zai girba sau biyu a shekara ba ya tsayawa jin nufin kowa. Kafin 2009 gidaje biyu kaɗai suka rage masu yafa bi-ruwa: na Gwaggo Dije, da na abokin ajiyarta a Gungun Farin Yashi. Wannan ya dami Tamimu ƙwarai, har ya rubuta wata maƙala mai tsawo a kan ajiyar ƙetare, yana bayyana ta a matsayin hikimar da ya kamata kowane tsibiri a duniya ya ara. Maƙalar ta yi suna fiye da yadda ya zata, kuma ita ce ta jawo masa gayyata daga tsangayar aikin gona ta wata jami'a a Riyadh, wadda ke shirin haɗa masu bincike daga tsibiran Farasan na Bahar Maliya, da Pemba, da Komoros, da tsibiran kogin Kwara.

Tafiya Riyadh

A watan Janairun 2010 ya je Gungun Maɗaci yin sallama. Gwaggo Dije ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo cike da iri, ta ce, “Kai ne ka fi kowa nisan ƙetare yanzu. Riƙe.”

Ya ce, “Gwaggo, can fa babu kogi.”

Ta ce, “To mene ne amfanin doktan? In babu kogi ka yi masa dabara.”

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, a gaban shaidu, kamar yadda al'ada ta tanada. A zatonsa shekara biyu zai yi ya dawo.

Ya sauka a Riyadh a watan Maris, aka yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin jami'ar, ya kama gida a unguwar Utaiƙa kusa da kasuwar kayan gwari, iyalinsa suka iske shi bayan Babbar Salla. Irin ya shigo da shi bisa ƙa'ida, da takardun bincike, amma ya ƙi sa shi a ɗakin sanyi na tsangaya, domin a wajensa ajiya ba ta shiga hannu na uku. Ya juye shi a kwalba ya sa a firjin gidansa, can bayan robar man shanu.

Aikinsa ya yi albarka. Ya je Farasan sau da dama, ya je Pemba, yana zama da manoma a ƙasa yana sauraro fiye da yadda yake magana, kuma ta dalilinsa ƙauyuka da yawa a waɗannan wurare suka fara musayar iri tsakanin tsibiri da tsibiri. A 2011 ya ɗebi wani kaso na bi-ruwa ya shuka a wani lungu na gidan rainon tsirrai na tsangaya. Ruwan rijiyar wurin yana da gishiri, tsiron ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Bai damu sosai ba, tunda akwai iri a gida, akwai kuma saura a kwalba. A wannan shekarar aka haifa masa autarsa, ya sa mata suna Khadija saboda Gwaggo.

Ambaliyar 2012

A daminar 2012 kogin Kwara ya yi cikar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ruwan ya taso da saurin da ko bi-ruwa ba ta iya bi ba, ya shanye gonaki, ya rusa rumbunan Gungun Maɗaci da na Gungun Farin Yashi a tare. Allah ya tsare rayuka, amma da ruwa ya janye aka duba, babu ƙwaya ɗaya ta bi-ruwa a duk yankin. Dokta Harouna ya bi tsibirai har cikin Nijar da Benin yana cigiya, ya samu jajayen shinkafu iri-iri, amma ba ita ba. Abin da ya rage a duniya shi ne na cikin kwalbar Utaiƙa.

A nan ne rayuwar Tamimu ta karkata, kuma duk wanda ya san shi yana jin zafin wannan gaɓa har yau. Irin da ke hannunsa a lokacin bai cika shekara uku ba, yana da ransa, kuma ya isa a yafa ƙaramar fadama. Da ya sa shi a jaka ya ba kowane mai umara da zai koma gida, da daminar 2013 ta same shi a ƙasa. Ya san haka fiye da kowa, domin sana'arsa ce. Amma ƙwayar da Gwaggo ta ba shi ce, ba ta gonarsa ba, kuma shi ne mutumin da ya karaɗe tarurruka yana koya wa duniya ajiyar ƙetare. Ya aika da jaje da gudummawa, ya kuma aika da saƙo cewa a ba shi shekara ɗaya zai zo da sabon iri.

Shekarun Gwaji

A farkon 2013 Dokta Harouna ya zo Riyadh taron masu binciken, ya kuma zo da saƙon baka daga Gungun Maɗaci. A falon gidan Utaiƙa, a gaban Ruƙayya, ya ce, “Gwaggo ta ce in faɗa maka da bakinta: ka dawo da shi yadda yake. Ta ce ita ta ba ka, ita kuma ta yafe.”

Tamimu ya ce, “Ita ta yafe. Mutanen gari fa? 'Ya'yana mata fa?”

Harouna ya ce, “To ba ni rabi in shuka maka a Gaya. Wa zai sani?”

Ya ce, “Ni zan sani.”

Ruƙayya ta ce wa mijinta, “Abban Khairiyya, ka ji tsoron Allah, tsohuwar nan ba ƙara ƙuruciya take yi ba.” Haka Harouna ya koma hannu wofi.

A wannan shekarar ya jera manyan tankunan roba a kan rufin gidan, ya cika su da ƙasa, yana sayen ruwa mai daɗi daga motar tanka da mutanen Riyadh ke kira wayit, yana ƙara shi sannu-sannu kamar yadda kogi ke cika. Maƙwabta suka riƙa hawowa kallo, direban motar ruwan kuma ya raɗa masa suna Abu Ruz, wato uban shinkafa. Bi-ruwa ta yi tsawo, ta yi kore shar, ta fitar da kai a watan Oktoba, har ya buga waya gida ya ce a yi wa Gwaggo albishir. Da ya murza zangarniya a tafin hannu sai ya tarar ƙaiƙayi ne zalla: busasshiyar iska mai zafi ta kashe furen. Ruƙayya ta ce ranar ce ta fara ganin hawayensa tun rasuwar mahaifinsa.

A 2014 ya samu aron ɗan fili a Hasa, gabashin ƙasar, inda ake noman wata jar shinkafa da ruwan idaniya. Duk ƙarshen mako yana kan hanya, domin hannunsa ne kaɗai zai taɓa gonar. A can kuma shinkafar ta yi jinkirin fitar da kai har sanyi ya riske ta, ɗan abin da ya yi ido tsuntsaye suka riga shi. Kowane gwaji yana ƙare shi da cikakken bayani a kan abin da ya hana, da tabbacin cewa baɗi an gano bakin zaren, kuma kowane gwaji yana rage abin da ke cikin kwalba.

Gwaggo Dije ta rasu a watan Afrilun 2015, tana da kimanin shekara saba'in da biyar. 'Yarta Mairamu ta ba da labarin cewa har ƙarshen rayuwarta ba ta yarda an shuka komai a fadamarta ba. Duk farkon damina sai ta sa a share ta a bar ta, wai irin yana hanya. Tamimu bai je ta'aziyya ba. Ya ce wa iyalinsa aiki ne ya riƙe shi, amma babu wanda bai san cewa kunyar sauka daga kwalekwale hannu wofi ce ta hana shi ba.

Ƙarshen Zama a Riyadh

Shirin binciken ya kammala a 2016 cikin yabo, aka buga sakamakonsa, aka karrama Tamimu da lambar girmamawa. Abokan aikinsa kowa ya koma ƙasarsa, shi kuwa ya nemi a mayar da iƙamarsa ƙarƙashin wani kamfanin rainon furanni a kudancin birnin, aikin da bai kai rabin darajarsa ba, don kawai a wurin akwai rumfa mai sanyaya iska da aka yi masa alkawarin wani sashe nata. A 2017 ya mayar da iyalinsa Yelwa, ban da ɗansa Ridwan da ke karatun shari'a a jami'a, ya bar gidan Utaiƙa ya koma unguwar Manfuha, inda ya kama ɗaki a gidan haya da ya haɗa da wasu direbobi 'yan Nijar.

Firjin gidan na kowa da kowa ne, kuma yana tsoron kada wani ya dawo aiki da yunwa ya ga shinkafa a kwalba ya ɗora a wuta. Saboda haka ya naɗe ta a rawani ya sa a akwati ƙarƙashin gadonsa. A nan ta yi bazara guda cur, a ɗakin da ake kashe na'urar sanyi duk lokacin da masu shi suka fita. Abin mamaki ne, abin takaici kuma, a ce masanin da ya koya wa ɗaruruwan manoma cewa zafi ne babban maƙiyin iri shi ne ya yi wannan. Da kaka ya jiƙa 'yan ƙwayoyi a tsumma domin ya ga ko suna da rai. Ƙalilan ne suka tsaga, su ma ba su yi ƙarfi ba. Daga lokacin ya rage magana, ya daina zuwa majalisar 'yan gida da ake yi bayan sallar Juma'a, ciwon hawan jinin da yake fama da shi kuma ya tsananta.

A farkon 2018 ya buga wa Dokta Harouna waya ya ce ya yanke shawara: bayan azumi zai ajiye aiki ya taho da abin da ya rage, yadda yake, mutanen gari su faɗi abin da za su faɗa. Harouna ya ce ya amsa masa da alhamdu lillahi.

Rasuwa

Bai kai ga azumin ba. Dokta Tamimu Ɗalhatu ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki a watan Afrilun 2018, daidai da Sha'aban 1439 hijiriyya, ya kuma cika a asibiti washegari, yana da shekara hamsin da biyar. An yi masa salla bayan la'asar a masallacin unguwa, aka binne shi a wata maƙabarta da ke kudancin Riyadh, a gaban ɗansa Ridwan, da abokan zamansa direbobi, da ɗalibai 'yan Nijeriya da Nijar, da direban motar ruwan da ya ji labari ya zo. Allah ya jiƙansa da rahama, ya karɓi kyakkyawar niyyarsa, ya yafe masa abin da ya gaza.

Ridwan ne ya kai kwalbar gida. Abin da ke ciki bai cika tafin hannu ba. Mairamu ta karɓa da hannu biyu a gaban mutanen tsibiri, babu kuma wanda ya ambaci yanke zumunci; dattawan ma cewa suka yi ba su san akwai mai riƙe da wannan sharaɗi haka ba har yanzu. A daminar 2019 ta yafa shi a fadamar mahaifiyarta, Dokta Harouna yana tsaye. Ruwan sama ya sauka a kan kari, kogi ya cika a hankali yadda bi-ruwa ke so, amma babu abin da ya tsiro.

Ya rasu ya bar matarsa, Malama Ruƙayya, da 'ya'ya shida: Khairiyya, ma'aikaciyar jinya a Birnin Kebbi, Ɗalhatu, wanda ake kira Abba, mai sana'ar kiwon kifi a Yelwa, Ridwan, ɗalibi a Riyadh, Jamilatu da Abdulwahid, ɗalibai a Sakkwato, sai auta Khadija, takwarar Gwaggo Dije, wadda aka haifa a Utaiƙa, Larabcinta ya fi Hausarta. Ita ce ta girma tana ganin kwalbar kullum in an buɗe firji, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ba ta taɓa cin tuwon bi-ruwa ba.